Tsatsa a Ƙarƙashin Motar Kwatano

Wani mai sauraronmu daga Makoda ya rubuto cewa an yi masa tallar mota 'yar Kwatano, irin mai aiki da fetur da batir. Bodinta fes, amma bakanike ya ce tsatsa ta ci mazaunin shakazoba na baya. Shin ya saya?

To malam, bakaniken nan ya yi maka rana. Wasu da tsatsarsu suke zuwa. A Kanada da arewacin Amurka gishiri ake barbaɗa wa titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin ya maƙale bayan taya, ya yi ta cin ƙarfe shekara da shekaru. Ko a 2012 sai da kamfanin Toyota ya sa aka mayar da RAV4 da Lexus HS 250h gyara, don tsatsa na iya cin sandar da ke riƙe tayar baya.

Ka sa a hau da ita kan ramin gareji, a kankare laka, a danna sukudireba inda shakazoba ya haɗu da bodi. In ƙarfen na ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ko an lulluɓe wurin da sabon baƙin fenti, riƙe kuɗinka. Ranar da ka loda mata buhunan gero zuwa kasuwar Dambatta ta shiga gargada, shakazoba na iya fasowa cikin but, motar ta ƙwace maka.

In ɓarnar kaɗan ce, walda na yi. Sai dai babban batirin a baya yake zaune. Kada mai walda ya kusanci wayoyin nan masu ruwan lemo sai wanda ya san motar ya kashe wutarsu, don tana kisa.