3.4 Yawan Bayanin Da Ya Kamata Ya Raka Gyara

A sashen da ya gabata an nuna cewa babbar manhaja ita ce ke tafiyar da na'ura baki ɗaya. A nan kuma za a duba ɗan rubutun da mai gyara yake haɗawa da kowane canji da ya yi mata, wato bayanin gyara, da kuma tsawon da ya dace da shi. An ɗauki Linux a matsayin misali, domin a kanta aka gina Android, wadda ke cikin mafi yawan manyan wayoyin hannu da ake sayarwa a Babbar Kasuwar Katsina.

Linus Torvalds ne ya fara Linux a shekarar 1991, sannan a 2005 ya ƙirƙiro Git, wadda ke adana kowane canji tare da bayaninsa. Ƙa'idar masu Linux ta tanadi cewa layin farko ya zama taƙaitawa wadda ba ta wuce haruffa 70 zuwa 75 ba. Bayan wannan sai a faɗi matsalar da aka gani, da waɗanda take shafa, da dalilin zaɓar wannan hanya ta magance ta. Canjin da kansa yana nuna abin da aka yi, amma ba ya faɗin dalili. Dalilin kuwa yana cikin kan mai gyara ne kawai.

Alal misali, ɗan kasuwar da ya rubuta "dubu biyar" a littafin bashi, ba suna, ba kwanan wata, ba irin kayan da aka ɗauka, shi dai ya san abin da yake nufi. Ranar da ba ya nan, yaron shago ko magada ba su da abin kamawa. Haka lamarin yake a nan, domin ana komawa ga bayanin gyara bayan shekaru, a lokacin da mai shi ya daɗe da barin aikin.

Abin bai tsaya nan ba. Kamfanonin waya ba sabuwar Linux suke ɗauka ba, tsofaffin rassa ne waɗanda ake ci gaba da kula da su na wasu shekaru. Masu kula da waɗannan rassa, irin su Greg Kroah-Hartman, da bayanin suke gane ko gyara ya cancanci a mayar da shi baya. Saboda haka ake sa layin "Fixes:" ɗauke da aƙalla haruffa 12 na lambar canjin da ya jawo matsalar. Idan bayanin ya gaza, ana iya tsallake gyaran, ɓarakar ta zauna cikin wayar mutumin da bai taɓa jin sunan Linux ba.

Sai dai yawan bayani ma yana da iyaka. Labarin abin da ya canza tsakanin aikowa ta farko da ta biyu ana sa shi ne ƙarƙashin 'yan gajerun layuka uku, inda Git take zubar da shi. Ke nan ba girman canji ake dubawa ba, haɗarinsa ake dubawa. Gyaran kuskuren rubutu a wurare hamsin jimla ɗaya ta ishe shi, amma canza layi ɗaya a sashen da ke raba ma'adanar na'ura tsakanin ayyuka yana iya buƙatar sakin layi huɗu ko biyar.