KUƊIN ASUSU BA DUKA NE RIBA BA: BAYANI GA DILLALAI DA ƳAN KASUWA

Za mu yi bayani a kan abu uku da suke ɗaure da juna, watau haraji da rajista da aika kuɗi ƙetare.

Dattawanmu sun san harajin da. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, lokacin muna cikin Jihar Kaduna, tun ba a yanke Jihar Katsina a 1987 ba. Wancan haraji a kan kai yake, ko ka samu ko ka rasa. Na yanzu kuwa a kan abin da ka samu ne. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta kuma ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dillali ya sayar wa manomi buhu 100 na masara, kuɗin duka suka faɗa asusunsa, alhali la'ada kaɗai ce tasa. In ba shi da littafi, da me zai nuna sauran na mai kaya ne? Saboda haka a riƙa rubutawa, ko da Ajami ne: rana, mai kaya, buhu nawa, farashi, la'ada, ladan ƴan dako da kuɗin mota. A kuma raba asusun ciniki da na cefane.

Na biyu, rajista. Hukumar CAC ce ke yin ta, ta intanet, ba sai an je Abuja ba. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya tak yana iya kafa ƙaramin kamfani. Amma a lura, rajistar sunan kasuwanci daban, ta kamfani daban. Ta farko ta isa buɗe asusun ciniki. Mai son fitar da waken soya ko auduga waje kuwa sai da takardar hukumar NEPC, ita kuma kamfani ko ƙungiyar gama-kai take ba wa. Sa'an nan a cika fom NXP ta hannun banki, kuɗin kayan kuma su dawo gida cikin kwana 180. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 mai waɗannan takardu za ta amfana.

Na uku, kuɗin ƙetare. A 2022 aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a Akara, wanda ta cikinsa mai saye a Gana zai biya da sidi, kai ka karɓi naira a bankinka, ba sai an nemi dala ba. A tambayi banki ko yana ciki kafin a ƙulla ciniki.

Cinikin Maraɗi ta Jibiya kuwa, yawanci hannu da hannu ne, ko ta ƴan canji. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 a kowane ɗaya, naira kuwa an sake ta tun 2023, kullum da farashinta. Don haka mai ba da kaya bashi ya yanke tun a wurin ciniki: da wane kuɗi za a biya, a kan canjin wace rana? A rubuta gaban shaidu biyu. Kada a manta, an rufe iyaka a 2023 sai 2024 Nijeriya ta buɗe, wanda kuɗinsa ke can ba rubutu sai haƙuri.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wassalam.