Kotso ko Fiyano: Abin da Ke Raba Masoyan Tsofaffin Makaɗa

Daga Ɗan Isa zuwa Shinkafi da Zurmi, akwai gardamar da masoya kiɗan fada ba su gajiya da ita. Wani ya kunna sabuwar waƙar da magadan wani tsohon makaɗi suka shiga situdiyo suka yi, kafin a kai ɗa na biyu majalisa ta dare. Dattijo ya kaɗa kai ya ce, "Yaro, wanga ba kiɗi na ba, inji na." Matashi ya ce, "To Baba, wa ka iya ciyar da mutum goma yanzu?" Akwai kuma ɓangare na uku da ba su son jin sabuwar waƙa ko kaɗan, su dai a yi ta maimaita ta marigayi. Kowa na da gaskiyarsa, amma ba za a gane ta ba sai an san yadda ƙungiyar kiɗa take aiki.

Muna cewa waƙar Narambaɗa ko waƙar Ɗanƙwairo kamar mutum ɗaya ne ya yi ta. Ba haka abin yake ba. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, waɗanda sau da yawa su ne kuma masu riƙe da kotso, akwai sanƙira mai kirari da isar da kyauta. Jagora shi ke kafa gindin waƙa, sannan ya riƙa jero ɗiyanta. Amma a gidajen kiɗan wannan yanki 'yan amshi ba maimaita gindi kawai suke yi ba. Jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari da nasu. Wannan ba ya samuwa sai mutane sun shekara da shekaru tare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi.

Sai kuma ita gangar. Kotso da kalangu suna da tsarkiya, mai kiɗa yana matsawa yana saki, sautin ya hau ya sauka yadda maganar Hausa take hawa da sauka. Saboda haka ganga ce ke bin bakin mawaƙi. In jagora ya hango wani hakimi ya shigo fili, sai ya ja ɗan waƙar ya saka shi, masu kiɗa su jira shi su tafi tare. A situdiyo an juya abin. Mai haɗa kiɗa zai tsara bugun a fiyano da kwamfuta, ya bar shi yana zagayawa ba ƙari ba ragi, mawaƙi ya sa abin ji a kunne ya bi shi. Amshi kuma sau ɗaya ake ɗauka, a yi ta liƙa shi duk inda ake buƙata. Wannan ne abin da kunnen dattijo ke ji ya ce an cire wa waƙa rai, ko da bai san yadda aka yi ba. A nan ina bayansa.

Inda nake rabuwa da shi shi ne batun asali. Abin da yake karewa a matsayin asali, shi ma canji ne a zamaninsa. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali da ke nan ƙasar Shinkafi, da kiɗan noma ya fara kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, inda ya yi Bakandamiyarsa. Musa Ɗanƙwairo ya tashi a ƙungiyar mahaifinsa, ya yi Daudun kiɗi a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna a Maradun, sannan ya fita daga da'irar fada guda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa sarakuna irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, har da attajirai, kafin rasuwarsa a 1991. Da a ce ya tsaya inda ya tarar da gidan, da yau ba mu da abin da za mu yi gardama a kai.

Kuma waƙoƙin da muke auna sababbi da su ba a rana ɗaya suka nuna ba. An rera su a hawan salla da naɗin sarauta sau ba adadi, ana zubar da ɗan da bai karɓu ba, ana ƙara wanda ya motsa fada. Wadda Rediyon Kaduna ko Rima Radiyo suka ɗauka, mu muka gada a kaset, ita ce tatacciya. Sabuwar waƙa kuwa jiya aka yi ta, yau tana cikin wayar kowa. Gwada su kai tsaye zalunci ne.

Maganar matashin nan ta ciyarwa ma ba wasa ba ce. Da can uban gida ke ɗauke da ƙungiya: hatsi, riguna, doki, wani lokaci kujerar Makka. Tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka zo da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, hannun sarakuna ya rage tsawo, kuɗi suka koma wurin 'yan siyasa da 'yan kasuwa. Su kuwa abin da za a sa a lasifikar mota da TikTok suke so, shi ya sa irin su Rarara suka mamaye fagen. Ga kuma matsalar tsaro. Taron dare da filin dambe da wasan 'yan tauri irin wanda Kassu Zurmi ya yi suna a kai sun ja baya a ƙauyuka da yawa, har ta kai a 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako da layukan waya a wannan yanki. Ƙungiyar da ba ta samun fili, a ina yaranta za su koyi karɓi?

Ba mu kaɗai ke wannan ja-in-ja ba. Ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila, wadda aka kafa a 1962, ta fitar da sababbin waƙoƙi a 2023, shekara biyu bayan mutuwar mai gangarta Charlie Watts, masoyanta ma suka rabu kan ko har yanzu ita ce. Abin lura, wani mai ganga suka ɗauko, mutum mai hannu, ba na'ura ba.

Ra'ayina ke nan game da namu. Magada su yi sababbin waƙoƙi, su yi wa mutanen zamaninsu, kada su zama masu haya da sunan uba. Su shiga situdiyo, amma su shiga da kotsonsu da 'yan amshinsu, a ɗauke su tare a zama ɗaya. Kai kuma masoyi mai kukan an ɓata gida, in bikin ɗanka ya tashi, ka kira ƙungiyar gaba ɗayanta ka sallame ta da kyau, kada ka tsaya a hayar lasifika.