Kafin Ka Sauya Manhajar Haɗa Kiɗa

Waƙar da aka gina a FL Studio ba ta buɗewa a Ableton Live, ta Ableton ba ta buɗewa a Cubase, Logic Pro kuwa ko hawa kwamfutar Windows ba ya yi. Masu haɗa kiɗa da dama ba sa sanin haka sai ranar da suka tashi ƙaura, su tarar aikin shekaru ya maƙale a tsohon gida.

Kowace manhaja tana ɗauke da halin abin da aka ƙirƙire ta dominsa. FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam ya fito a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, ɗan injin buga ganga ne kawai, sai a 2003 ya sauya suna. Har yau a nan ƙarfinsa yake: ka jera bugun ganga, ka zana karin fiyano da linzami, cikin ɗan lokaci kiɗa ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya saya kuma, duk sabon fitowa kyauta zai samu, abin da masu amfani da na sata ba sa morewa. Ableton Live ya fito daga Balin a 2001 domin masu kiɗa a gaban jama'a, shi ya sa yake barin mutum ya kunna gutsattsarin sauti yadda ya ga dama, yana gwada wannan da wancan, kafin ya yanke yadda waƙar za ta jeru. Masu kiɗan tekno da hawus sun rungume shi saboda haka. Cubase ya girme su, tun 1989 a kwamfutar Atari, kuma ya fi daɗin hannu wajen ɗaukar murya da gyara ta. Mai tsohuwar kwamfuta da ƙaramin aljihu ya duba Reaper: ba shi da nauyi, lasisinsa mai rahusa dala 60 ne.

A ganina, yawancin sauyin da ake yi ba shi da dalili. Mutum ya ji kiɗansa ba ya tashi kamar na wani, sai ya ɗora wa manhaja laifi, alhali bambancin yana cikin zaɓen sauti, da haɗa shi, da kunnen mai aikin. Dalili na gaskiya shi ne aikinka ya sauya: ka fara hawa dandamali, ko mawaƙa sun fara yi maka layi a situdiyo, ko ka koma Mac.

In ƙaurar ta zama dole, ka san abin da zai bi ka. Kowane layin sauti, ganga daban, bes daban, murya daban, a fitar da shi a WAV, dukansu su fara daga daƙiƙar farko, a rubuta gudun waƙar a sunan fayil. A fitar da MIDI ma, domin shi ke riƙe da notocin da aka buga. Fulogin na VST, tsarin da kamfanin Steinberg ya fito da shi a 1996, suna aiki a yawancin manhajoji, amma Logic sai AU, Pro Tools sai AAX. Yawancin kayan cikin gida ba sa fita: Operator na Ableton ne, Alchemy na Logic ne. Duk sautin da ka gina da su, in ba ka mayar da shi WAV ba, ya tafi.

Abin da ya fi ciwo shi ne hannu. Yatsun da suka haddace maɓallai za su yi makonni suna lalube, aikin awa ɗaya ya cinye yini. Don haka kada a sauya ana tsakiyar aikin wani, kuma kada a goge tsohuwar manhaja, domin wata rana mawaƙi zai dawo yana neman a ɗaga masa murya a waƙar bara.