Yaya Ya Zama Ɗan Amurka: Yaushe Zai Ɗauke Mu?

Duk hutun da muka dawo daga jami'a muka zauna da ƙannenmu a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, sai an taɓo hirar fita ƙasar waje. Ba mu ga laifin kowa ba, domin mu ma a nan muka tashi. Ba mu manta daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Muna kuma ganin dangin da suka baro gonakinsu suka dawo cikin gari, wasu suka wuce Funtuwa da Katsina. Shi ya sa da an ji ɗan gidan wane ya zama ɗan ƙasar Amurka, sai a ce ai gidan sun huta, gobe zai aiko a kwashe su.

Abin da ya dame mu shi ne yadda muka ji wasu ɗalibai sun fara sakaci da karatu saboda wannan fata. Don haka muka bi dokar mu ga abin da ta ce.

Da farko, mai katin zama na dindindin ba ya iya ɗaukar iyayensa ko 'yan'uwansa. Sai ya zama cikakken ɗan ƙasa, wanda yawanci sai bayan shekara 5 da samun katin, kuma sai ya cika shekara 21 da haihuwa. Sannan ne zai cike fom mai lamba I-130, ɗaya ga kowane mutum, ya kuma sa hannu a takardar alƙawarin ɗaukar nauyi, ya nuna abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin ƙasar. Yayan da ke fama da kuɗin haya ba zai iya ɗaukar gida guda ba, ko da yana so.

Iyaye su ne masu sauƙi. Doka ba ta ƙayyade yawan iyayen da za a ba biza a shekara ba, saboda haka babu dogon layi a gabansu. Sai dai ga inda mutane ke tuntuɓe: takardar Inna ba ta haɗa da 'ya'yanta. In an ba ta biza, ita kaɗai aka ba, autanta ma ba zai bi ta a kai ba. Sai ta isa, ta karɓi nata katin, sannan ta nemar wa 'ya'yanta marasa aure, su ma su shiga nasu layin.

'Yan'uwa kuwa, nan ake jiran gawon shanu. Biza 65,000 kacal aka ware musu a shekara, ga duniya baki ɗaya, kuma layin ya haura shekara 15. Mu yi lissafi tare. Yarinyar da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare, 'yar shekara 12, in yayanta ya cike mata fom yau, za ta kai 27 ko fiye kafin a kira ta ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. A wannan tsakanin za ta iya gama sakandare, ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa har ta kama aiki.

Dokar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A farkon 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ƙaura, sai a Janairun 2021 Joe Biden ya ɗage. Ƙofar da aka taɓa rufewa ana iya sake rufe ta. Sauran ƙasashen ma ba su fi sauƙi ba. Kanada ba ta yarda a ɗauki ɗan'uwa sai a 'yan lokuta, kamar marayan da bai kai 18 ba kuma bai yi aure ba. A Ingila kuwa, iyaye sai an tabbatar suna buƙatar jinyar da ba za su samu a gida ba.

To, me ya rage a hannunmu? Na ɗaya, takardu. Ofishin jakadanci ba ya karɓar "kowa ya san uwarsu ɗaya". Takardar haihuwa yake nema, wani lokaci har da gwajin DNA, kuma 'yan uba sukan sha tambaya fiye da shaƙiƙai. Gidaje da yawa a yankinmu sun rasa takardunsu wurin gudu. A je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar haihuwa. A tabbatar sunan da ke kan NIN shi ne a WAEC da NECO, kada a zama Abubakar a nan, Habu a can. Wannan zai yi mana amfani a JAMB ko da ba mu taɓa hawa jirgi ba.

Na biyu, hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce a turo kuɗi zai matso da suna gaba a layi, ɓarawo ne. Haka mai tallar cacar biza a Facebook ko WhatsApp, domin tun 2013 aka cire haifaffun Najeriya daga cikinta.

Na uku, mu sauya abin da muke roƙon Yaya. Kuɗin rajistar jarrabawa, littattafai, ko kuɗin mayar da ƙanwa makarantar da ta fi tsaro, duk suna isowa cikin kwana ɗaya. In zai cike fom ya cike, Allah ya sa albarka. Amma ranar Litinin akwai aji, mu kuma ƙannenmu muna so mu same ku a ciki.