Tsara Tafiyar Shaƙatawa ta Ƙarshen Mako a Lokacin Hunturu

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kowace tafiya tana da lokacinta. Fatake ba sa ɗaura kaya sai ruwa ya ɗauke, hanyoyi sun bushe, rafuka sun janye. Haka masu cin rani da almajirai, sai an kawar da amfanin gona suke barin gida. Madugu kuwa, babban aikinsa shi ne sanin lokacin tashi daga zango da lokacin sauka a na gaba, don kada dare ya riski ayari a dokar daji. Abin da ya sauya a yau shi ne dalilin tafiyar da kuma tsawonta. Ma'aikaci ko ɗalibi yana da Asabar da Lahadi ne kawai, wani lokaci da rabin Juma'a, a ciki yake son ya je, ya huta, ya buɗe ido, ya kuma dawo bakin aiki ranar Litinin. Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ake tsara irin wannan gajeriyar tafiya a lokacin hunturu, tare da ɗaukar tafiya daga Kano zuwa gandun dajin Yankari a matsayin misali.

1.1 Hunturu da Halinsa

Akan yi amfani da kalmar hunturu wajen fassara sunan lokacin sanyi na ƙasashen Turai, amma ya kamata ɗalibi ya lura cewa abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Sanyin Turai yana zuwa da dusar ƙanƙara da gajartar yini, har a birnin Landan hasken rana ba ya cika awa 8 a ƙarshen Disamba. Hunturun ƙasar Hausa kuwa busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai laushi, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Takan fara a ƙarshen Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta ja da baya zuwa Maris. Hausa ta bambance sassan wannan yanayi da kalmomi daban-daban: ɗari shi ne sanyin da ke ratsa jiki, hazo shi ne ƙurar da ke tsayawa a sararin sama ta rage gani, hunturu kuma ya haɗa iskar da lokacin baki ɗaya.

Abubuwa biyu daga halin hunturu suka fi shafar matafiyi. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin sanyin dare da zafin rana. A Kano ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 12 da asuba, ya hau kusa da 30 da azahar, saboda haka wanda ya fito da rigar sanyi da hular kunne zai nemi ya tuɓe su kafin ya kai rabin hanya. Na biyu shi ne tsawon yini. A watan Janairu rana tana fitowa a Kano gab da ƙarfe 7:00 na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6:00 na yamma. Wato hasken da matafiyi yake da shi bai wuce awa 11 da 'yan mintoci ba, kuma hazo yakan ci wani abu daga farkonsa da ƙarshensa. A kan wannan awa 11 ake gina duk wani tsari.

1.2 Dalilin Zaɓen Yankari

Gandun dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Akwai giwaye a cikinsa, waɗanda suna cikin manyan garkunan da suka rage a Nijeriya, da ɓauna da gwanki da kanki da mazo da dorina da kada da gadu da gwaggon biri, ga tsuntsaye iri-iri.

Da damina ciyawa takan yi tsawo ta rufe gani, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun warwatsu. Idan rani ya shigo tafkuna suka ƙafe, sai su riƙa taruwa a bakin kogin Gaji wanda ya ratsa dajin, a nan ne mai ziyara yake samun ganinsu. Ke nan gwargwadon nisan rani, gwargwadon sauƙin ganin dabbobi. Sai dai a Maris da Afrilu zafin bazara ya riga ya sauka, yawo a buɗaɗɗiyar mota ya zama wahala. A Nuwamba da farkon Disamba kuma iska tana da daɗi, amma ciyawa ba ta gama kwantawa ba. Wanda yake son ya haɗa biyun, tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu ya fi dacewa da shi. Wani ƙarin dalili shi ne maɓuɓɓugar Wikki da ke kusa da masaukin baƙi, wadda ruwanta ba ya sauka daga kimanin digiri 31 dare da rana. Da bazara wannan ba abin mamaki ba ne, amma da safiyar hunturu, lokacin da taɓa ruwan randa ma sai an yi shahada, shiga ruwan Wikki shi kaɗai ya isa dalilin tafiya.

1.3 Lissafin Lokaci

Daga Kano zuwa Bauci ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi akwai kimanin kilomita 300, tafiyar awa 4 zuwa 5 gwargwadon lafiyar hanya da ta mota. Daga Bauci ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya kwana zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. Wannan kashi na biyu ya kai kilomita 110, yakan ci wajen awa 2. Jimilla, zuwa kaɗai awa 6 ne zuwa 7, ban da tsayawar salla da cin abinci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tashi bayan sallar Juma'a. A ido tsarin yana da kyau, domin ba a rasa ranar aiki ba. Amma wanda ya bar Kano da ƙarfe 3:00 na rana, hasken awa 3 kacal ya rage masa. Magariba za ta same shi a wajejen Ningi, ya shiga Bauci bayan isha'i, ga hazo, ga fitilun manyan motoci suna kashe ido, kuma dole ya biya kuɗin kwana a gari, bai ga ko gadu ba. Wannan tsari asarar kuɗi ne da sayen haɗari.

Tsari na biyu shi ne a nemi izinin ranar Juma'a gaba ɗaya. A tashi da ƙarfe 7:30 na safe, gari ya waye sosai. Akwai dalili na musamman da ya sa ba a son jinkiri a wannan rana: kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci, kuma da hantsi ya yi motocin shanu da na kaya sukan cunkushe hanya a wajen gada. Wanda ya wuce da wuri zai isa Bauci wajen ƙarfe 12:30, ya yi Juma'a a can, ya ci abinci, ya cika tanki, domin ba a dogara da samun mai a cikin daji. In akwai sarari ya leƙa kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ya bar Bauci da 2:30, ya sauka Wikki kafin ƙarfe 5:00, da sauran rana. Daga wannan lokaci zuwa ƙarfe 10:00 na safiyar Lahadi yana da awa 41 a wurin.

Tsari na uku na wanda ba zai samu Juma'a ba ne. Ya tashi ranar Asabar da ƙarfe 7:00, ya isa wajen 2:00 na rana, ya kwana ɗaya, ya juyo. Zamansa awa 20 ne, tafiyarsa ta zuwa da dawowa wajen awa 13. Mai jini a jika zai iya, amma ga mai iyali da ƙananan yara ko tsoho, gajiyar ta fi hutun yawa. Irin wannan gara ya nemi wuri mafi kusa, kamar madatsar ruwa ta Tiga, ko Dutsen Kufena a Zariya, ko rijiyar Kusugu a Daura, inda za a je a dawo a yini guda ko da kwana ɗaya cikin natsuwa.

Lissafin yana da muhimmanci ne saboda dabbobin dawa ba sa jiran kowa. Da sassafe da kuma bayan la'asar suke fitowa kiwo da shan ruwa, da rana tsaka kuwa suna cikin inuwa. A waɗannan lokuta biyu ake fita zagaye da jagora. Mai tsari na biyu yana da damar fita sau biyu ranar Asabar, in giwaye ba su bayyana da safe ba ya sake gwadawa da yamma. Mai tsari na uku fita ɗaya ce tabbatacciya a hannunsa. Ranar Lahadi kuwa, komai daɗin wuri, ƙarfe 10:00 ta yi wa mai komawa Kano a kan hanya, don ya shiga gari kafin faɗuwar rana.

Akan ce da sanyin safiya ake kama fara, amma sammako a hunturu yana da iyaka. Fita kafin gari ya waye yana haɗa duhu da hazo, ga hayaƙin ƙunar daji da yakan kwanta a kan titi. Minti 30 da aka jira rana ta ɗaga ba asara ba ne.

1.4 Zaɓen Mako da Abin Hawa

Makon Kirsimeti da na sabuwar shekara su ne lokacin cunkoso: ɗakuna sukan ƙare, kuɗin mota ya tashi. Mako na biyu ko na uku na Janairu jama'a sun koma aiki, wuri ya yi sarari. Haka kuma a duba kalandar Musulunci, domin watan azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 a cikin Fabrairu, kuma zai ci gaba da shigowa tsakiyar hunturu a shekarun da ke tafe, ya tafi da bukukuwan ƙaramar salla tare da shi.

Mai zuwa daga nesa, kamar Legas ko Abuja, yakan so hawa jirgin sama zuwa Bauci ko Kano don ya rage hanya. A hunturu wannan dabara tana da rauni, domin idan hazo ya yi kauri gani ya ragu, akan jinkirta tashin jirage ko a soke shi, wani lokaci a karkatar da jirgi zuwa wani gari. Wanda ya sayi tikitin dawowa na yammacin Lahadi alhali yana da aji da safiyar Litinin, ya bar aikinsa a hannun iska. Mai motar haya kuma ya tuna cewa mota ba ta barin tasha sai ta cika, kuma da safe ta fi saurin cika. Motocin hanyar Gombe wucewa suke yi ta Dindima, ba sa shiga daji, don haka daga Bauci sai an ɗauki shata, a kuma yi yarjejeniya da direba a kan ranar dawowa tun kafin a biya shi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya zama kaso mafi nauyi a irin wannan tafiya, shi ya sa haɗa gwiwar mutum huɗu ko biyar a mota ɗaya ya fi sauƙi.

Batun tsaro ba a yi masa sakaci. An samu hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyuka da dazuzzukan yankin Alkaleri a shekarun baya-bayan nan. Kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a tuntuɓi hukumar gandun dajin da direbobin tasha a ji halin da hanya take ciki, a tabbatar da ɗaki, a kuma tambayi lokacin da ake daina shigar da baƙi ta ƙofa. Labarin watan jiya ba ya amfani a nan.

1.5 Guzuri

Kayan sawa su kasance waɗanda za a iya ɗorawa a kuma rage, tare da bargo, da man shafawa saboda kaushi da fashewar leɓe, da takunkumin hanci ga mai asma, wanda kada ya kuskura ya bar maganinsa a gida. A riƙe tsabar kuɗi, domin layin waya ba shi da tabbas a daji. A duba taya da fitilu da batir da matatar iskar mota, wadda ƙura take saurin toshewa. A masaukin Wikki gwaggon biri sun saba da mutane ƙwarai, sukan fizge leda daga hannu, su shiga ɗaki ko motar da aka bari a buɗe, don haka abinci a rufe yake zama.

1.6 Malami da Ziyarar Ɗalibai

Duk abin da aka faɗa yana ninkuwa idan malami ne zai jagoranci ɗalibai. Babbar mota ba ta gudun ƙarama, kuma tara yara 40 bayan kowace tsayawa yakan ci minti 20 ko fiye, saboda haka a ƙara awa 1 zuwa 2 a kan lissafin da ya gabata. Wannan ya nuna cewa tsari na uku bai dace da makarantar da ke Kano ba sam, ko da yake ya wadatar ga ta Bauci ko Gombe. A samu izinin iyaye a rubuce, a san yaran da ke da ciwon ƙirji, a hana kunna gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci. A wurin wanka kada yaro ya shiga ruwa sai da babba a tsaye, saboda akwai inda zurfin Wikki ya shanye tsayin mutum. Malamin Hausa yana da ƙarin riba a nan: ya sa kowane ɗalibi ya tafi da littafi, ya rubuta sunayen dabbobi da itatuwan da jagora ya ambata, domin da yawa daga yaran birni sun san gwanki da mazo a karin magana da tatsuniya ne kawai. A ƙirga ɗalibai da sunayensu kafin mota ta tashi daga kowane zango, a kuma shaida wa iyaye lokacin dawowa da ya ɗara wanda aka tsara da awa guda.