Likita Uku, Magana Uku

Wani manomi na ƙasar Tasawa yana da ɗa mai shekara 3. Yaron ba ya magana. In an kira sunansa ba ya waigowa. Wuni yake yi yana jera duwatsu, in aka taɓa su sai kuka. Likitan ƙauye ya ce kurma ne. Aka sayar da akuya aka kai shi Maraɗi. Can wani likita ya ce a yi haƙuri, baki zai buɗe. Na uku ya ce wata larura ce ana kiranta otisim. Tsofaffin gida kuwa sun ce iska ne.

To, ƴan'uwa manoma da makiyaya, wa za a bi?

Ba lalle wani ya yi ƙarya ba. Otisim ba a ganinta cikin jini, ba a ganinta a hoto. Kallon halin yaro ake yi: yadda yake wasa, yadda yake duban mutane. Yaron da aka kai baƙon ɗaki na minti goma ba zai nuna halinsa duka ba. Wani likita na Amurka, Leo Kanner, ya bayyana larurar a 1943, bayan ya daɗe yana lura da yara 11. Ta fi yawa ga maza. Ba laifin uwa ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta.

A fara da kunne. A ƙasarmu sanƙarau da kunne mai mugunya suna kurumtar da yara. Kurman yaro yakan dubi fuskarka, ya nuna abin da yake so da yatsa. Mai otisim sau da yawa ba ya yin haka, ko da kunnensa lafiya lau. Wani lokaci kuma yaro yana da duka biyun.

Ku da kuka koyi rubutu, ga ranarsa. Ku sami takarda. Ku rubuta yaushe ya fara tafiya, kalmomi nawa ya iya, ko ya taɓa magana ya daina, ko ya yi zazzaɓi mai tsanani. Ku tafi da karnensa na asibiti. Ku tafi da uwarsa, don ita ce ta fi kowa saninsa. Kada ku ɓoye ma likita abin da na farko ya ce don kunya. Ku tambaye shi: "Me ka gani da ya sa ka faɗi haka?" In maganarsu ta ƙi haɗuwa, ku roƙi takardar zuwa wajen likitan yara a babban asibiti, Damagaram ko Yamai.

"A jira" ita ce maganar da ba mu so. Ko ba a tabbatar da suna ba, a riƙa yi ma yaro magana a hankali, a yi wasa da shi, a bar shi cikin ƴan'uwansa. Kada a ɗaure shi, kada a buge shi. Babu ƙwaya ko saiwa mai warkar da otisim. Mai ce maka yana da ita, akuyarka ta biyu yake nema.

Manomin nan ya fara rubutu. Bayan girbin hatsi zai kai yaron awon kunne.